Bindigar Kaka Ba Kayan Gwangwan Ba Ce

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan Daushe ya san kunne ne ke riga ido sanin sarki ya fito. 'Yan bindigar sarki za su ɗaga bakin bindigoginsu sama su saki, ƙasa ta amsa, farin hayaƙi ya turnuƙe, warin albarushi ya cika hanci, dokin da bai saba ba ya kama turjiya. Mutanen Bomo da Samaru da Basawa da ke shiga birni kallo kan dawo da labarin ƙarar. Kaɗan ne ke duban abin da ya yi ƙarar, kuma da za su duba da sun ga cewa da yawa daga bindigogin toka da ke hannun mutane yau ba su kai shekarun masu riƙe da su ba. Bututu ne aka yanka, aka yi masa walda, aka shafe da baƙin fenti.

To ina tsofaffin? Wasu suna rataye a ɗakin tsoho, tsatsa na cin ƙarfen, gara na cin ƙotar. Wasu an binne su saboda tsoron hukuma. Wasu kuwa magada sun auna wa 'yan gwangwan a kan sikeli tare da fasasshiyar tukunya da tsohon garejin keke. Akwai kuma waɗanda aka kai wa mai walda domin ya "sabunta" su, ya yanke gindin, ya mai da su masu cin harsashin zamani. Wannan yayi na ƙarshe shi ya fi damun mai wannan rubutu, domin asara biyu ce a haɗe: an ɓata kayan tarihi, an kuma ƙera abin da zai iya cire wa mai shi yatsu.

Bindigar toka tana da tarihi mai tsawo a ƙasar nan. Tun ƙarni na 17 da na 18 Turawa 'yan kasuwa ke sauke bindigogi masu ƙanƙara a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, cikinsu har da mutanen Denmak da suka yi sansani a Akra ta ƙasar Gana. Daga baya maƙeran birnin Bamingam na Ingila suka riƙa ƙera su da yawan gaske domin kasuwar Afirka. Wasu sun shigo ƙasar Hausa ta kudu, ta hanyar Nupe, wasu sun ƙetaro Sahara daga Tarabulus. Sarkin Damagaram Tanimu, a tsakiyar ƙarni na 19, ya tara bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi a garinsa, har igwa aka zuba masa. A nan Zazzau, masana irin su M. G. Smith, wanda ya wallafa littafinsa kan sarautar Zazzau a 1960, sun nuna yadda Sarki Yero da ɗansa Kwasau suka dogara da rundunar 'yan bindiga a ƙarshen wancan ƙarni. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burasels suka taƙaita sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani, suka bar ƙofa a buɗe ga masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Sakamakon ya bayyana a 1903, lokacin da Kano da Sakkwato suka fuskanci bindigar Turawa mai ruwan harsashi, su kuwa da dawaki da masu da kibau da 'yan bindigogin da sai an ɗura ta baki.

Bayan zuwan Turawa bindigar ta bar fagen fama ta koma daji da gona da fada. Maharbi ya ɗauke ta don gada da zomo da zabo, manomi ya kori birai da ita, fada ta riƙe ta don hawan salla da tarbar baƙi. A nan ne maƙeranmu suka nuna gwaninta. Ƙota ta karye, su sassaƙa wata da itace mai ƙwari. Kunama ta saki, su ƙera sabuwa a kan uwar maƙera. Su ɗaure bututu da zoben tagulla, baduku ya naɗe wuyan da jar fata, mai ita ya rataya layunsa. Saboda haka bindiga guda kan iya zama da ƙarfen Ingila, itacen dajin Zazzau, da aikin hannun maƙera uku daga zamani uku. Kuma ƙira ba baƙuwa ba ce a wannan yanki: masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono wuraren narka tama a yammacin Samaru waɗanda suka haura shekara dubu, tafiyar ƙafa kawai daga Bomo.

Abin da mai walda bai sani ba, ko ya sani ya yi biris, shi ne ƙarfen dā mai taushi ne, an yi shi ne don albarushin gargajiya. Garin da ke cikin harsashin zamani ƙarfinsa ya ninka wancan nesa ba kusa ba. In aka haɗa shi da bututun da tsatsa ta riga ta ci ta ciki, ba makawa wata rana ya tsage, kuma fuskar mai harbi ce mafi kusa. Ingila ta daɗe da sanin haɗarin tsagewar bututu, shi ya sa a 1813 aka kafa gidan gwajin bindigogi a Bamingam, inda ake jarraba bututu a buga masa hatimi kafin ya shiga kasuwa. Wasu tsofaffin bindigoginmu suna ɗauke da irin wannan hatimi a gindin bututu, kuma shi ne abu na farko da injin gurza ƙarfe ke shafewa.

A duba yadda wasu ke yi da nasu. A 2014 ma'aikatan wani gandun daji a jihar Nebada ta Amurka suka tsinci bindiga ƙirar Winchester ta 1873 jingine a jikin bishiya, irin wadda ake ɗanawa da mariƙin da ke ƙarƙashin kunama. An ƙera irinta sama da 700,000, don haka ba wata abar nema ba ce. Amma lambar da ke jikinta ta kai su ga kundin kamfanin da ke ajiye a gidan tarihin bindigogi na garin Kodi, inda aka ga ta bar masana'anta a 1882. Ba su goge ta ta yi ƙyalli ba, ba su sake mata ƙota ba. Sun tsayar da lalacewar, suka ajiye ta yadda aka same ta. Masu sha'awar irin waɗannan bindigogi a can, in za su harba tsohuwa, sai gwani ya duba ta tukuna, kuma sukan ɗura harsashinsu da hannu daidai abin da tsohon ƙarfe zai iya ɗauka. A Maroko ma, wasan Taburida, inda mahaya ke sukuwa a jere su saki bindigogi lokaci guda, ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a 2021, kuma yana ciyar da masu ƙera sirdi da masu gyaran bindiga. Hawan sallar Kano ya shiga wannan kundi a 2024. Dawaki da rawuna da algaita duk an san darajarsu a hawa, bindigar ce kaɗai ba a lissafa ta cikin kayan da suka cancanci adana.

Ba a manta da halin da Arewa ke ciki ba. Wanda aka sace ɗan'uwansa a hanyar Birnin Gwari ko ƙauyukan Giwa yana da hujja in ya ce ba ya son jin kowace bindiga ana yabonta. Amma ɓarayin daji ba da bindigar kaka suke ta'asa ba, wadda sai an zuba gari, an cusa tsumma, an danna da sanda kafin ta yi magana sau ɗaya. Kuma ɓoyo da rashin takarda ba su kare kowa ba. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa Kano yin salla, bayan an ga bindigogin toka a motar da suka shiga. Babu abin da zai wanke waɗanda suka yi wannan kisa. Sai dai abin ya nuna yadda sana'ar da aka gada kaka da kakanni ta koma abin zargi a idon wanda bai san ta ba.

Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta ware bindigogin da ake ɗurawa ta baki a rukuni na daban, ta kuma tanadi lasisin riƙe su da izinin gyaransu ta hannun 'yan sanda. Hanya tana nan, bin ta ne ya yi ƙaranci. Hakimi da masu unguwanni, tare da Sarkin Baka da Sarkin Maƙera, su ne suka san gidan da ke da tsohuwar bindiga. Jami'a tana makwabtaka da Bomo, tana da sashen nazarin kayan tarihi da na ilimin ƙarafa. Ɗalibai za su iya ɗaukar hoto, su auna, su kwafi hatimi, su rubuta wanda ya ƙera da wanda ya gyara da wanda ya gada, tun tsofaffin da suka san amsar suna raye. Wadda bututunta ya mutu a ajiye ta, ko a ba gidan tarihi na Kaduna aro da sunan gidan da ta fito. Wadda ke da sauran lafiya, maƙerin da ke da izini ya duba ta, a bar ta da albarushinta na asali, a yi mata rajista.

Ga magada kuwa, aikin ba shi da tsada. A fara tabbatarwa ta hannun wanda ya sani cewa ba a ɗure take ba, don tsohuwar bindiga kan kwana shekaru da gari a ciki. A raba ta da jikin bango mai laima, a share ƙura, a shafa mai kaɗan, a nisanta ta da yara. Kada a gurje ta, kada a fente ta, kada a bar wutar walda ta taɓa ta. In mai gwangwan ya zo ƙofar gida da sikelinsa, a ba shi tukunyar da garejin keken, a mai da bindigar ɗaki, sannan a je a sanar da mai unguwa.