Nazari a kan So Sam Sai, Gogen Fadar Siyam

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge, ya ga yadda ƙoƙo da fata da izgar doki suke haɗuwa su fid da murya irin ta ɗan Adam, ba zai yi baƙunta ba in aka kai shi fadar Bankok, a ƙasar Tailan wadda a da ake kira Siyam, aka nuna masa abin kiɗan da suke ce wa so sam sai, watau goge mai tsarkiya uku. Masana da yawa suna ganin asalinsa yana komawa ga rababar Larabawa da Farisawa, kamar yadda suke faɗa a kan gogenmu.

Hikimar ƙera wannan goge tana farawa ne tun daga gona, domin ƙoƙon ba na duma ba ne, na kwakwa ne, kuma sai irin wadda Allah ya halitta da tudu uku a bayanta, wadda akan duba itatuwa masu yawa kafin a dace da ita. In an samu, sai maƙeri ya yanke ta, ya kankare, ya rufe bakinta da fatar akuya ko ta maraƙi, sa'an nan ya soke ta da doguwar sanda ta katako, wadda ƙafarta za ta tsaya a ƙasa gaban makaɗi, ya ɗaura tsarkiyoyi uku na alharini. A gefen fatar kuwa akan manna wani ɗan nauyi da danƙo, sau da yawa na azurfa ko zinariya da duwatsu masu daraja, wanda suke kira tuwang na. Mai kallo zai zaci ado ne kawai, alhali kuwa shi ne yake danne kaurin sautin har ya yi laushi. Shi kuma makaɗi, yana zaune a ƙasa, yakan juya jikin gogen ne da hannun hagu domin tsarkiyar da yake so ta tarbi izga, abin da ya sa ƙwarewa a kansa take cin shekaru.

Sarki Rama na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1809 zuwa 1824, gwani ne a kan wannan goge, kuma ya fahimci abin da masu mulki da yawa suke gafala da shi, har ya yafe haraji ga gonar da aka samu irin wannan kwakwa a cikinta. Lallai wannan hukunci ne na mai basira, domin ya gane cewa ranar da manomi ya sare itacen, makaɗin fada ya yi shiru. Har yanzu ana noman irin kwakwar a yankin Amfawa, mahaifar sarkin.

Bayan juyin mulkin 1932, makaɗan fada suka koma ƙarƙashin hukumar fasaha ta gwamnati, sa'an nan a zamanin Firayim Minista Fibun aka ƙuntata wa kiɗan gargajiya da sunan ci gaba. Hauren giwa ma, da ake ƙawata sandar da shi, doka ta tsananta a kansa tun 2015, sai aka dogara ga katako. Amma duk da haka fannin bai mutu ba, saboda silsilar malami da almajiri ba ta yanke ba, har suna da bikin girmama malamai da suke yi ranar Alhamis, inda ɗalibi yake karɓar izini daga hannun wanda shi ma ya karɓa. Matuƙar manomi yana renon itacen, maƙeri yana da yaro a gabansa, malami yana da mai ɗauka, to, muryar nan za ta ci gaba da tashi daga ƙoƙon kwakwa.