Hoto a Ɗakin Tarihi Ba Tare da Filasha Ba

Duk wanda ya shiga ɗakin ajiyar kayan tarihi ya san yadda ido ke ɗan ruɗewa kafin ya saba da wurin. Ba rowar wuta ake yi ba. Haske yana cin rini da takarda da fata sannu a hankali, shi ya sa masu kula da kayan ke rage shi a inda aka ajiye tsofaffin riguna da rubuce-rubucen hannu, sau da yawa zuwa lux 50, wato ma'aunin da bai kai rabin hasken ofis ba. Filasha kuwa, ko ba a hana ta ba, gwani ba ya kunna ta. Tana bugun gilashi ta dawo fari fat, ta kuma shafe inuwar da ke fito da siffar abu.

Mu ɗauki kan mutum-mutumin Nok, na gasasshen yumɓu, irin waɗanda ke gidan tarihi na Jos da Bernard Fagg ya kafa a 1952. Idanunsa masu kusurwa uku ne, da huda a tsakiya. Mai wayar da ya danna ya wuce, dunƙulen laka kawai zai kai gida. Gwani yakan nemi izini tukuna, sannan ya zagaya abin, kyamara na rataye a wuya, yana neman gefen da hasken ya kwanta a kunci har kitson kai ya fito layi-layi.

Abu uku yake sarrafawa. Na farko ƙofar da haske ke shiga idon kyamara: yakan buɗe ta sosai, zuwa f/1.8 ko f/2.8, domin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Sai dai wannan buɗewar na da farashi, don ɗan siririn wuri ne kaɗai zai fito tar, sauran ya dushe. Saboda haka yake ɗora saitin a kan hudar ido. Na biyu tsawon lokacin da haske zai ɗauka yana shiga kyamara. Da idon kyamara mai milimita 50, ba ya son lokacin ya wuce kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, in ba haka ba rawar hannu ta shiga hoton. Na uku ISO, wato yadda kyamara ke ƙara ƙarfin ɗan hasken da ta samu. Yakan kai shi 1600 ko 3200, yana sane cewa hoton zai ɗan yi yashi-yashi. Ya gwammace yashin da hoton da ya yi dishi-dishi, tunda yashi na raguwa a kwamfuta, dishi-dishi kuwa ba shi da magani.

Abin da ya fi burge ni shi ne jikinsa. Gidajen tarihi da yawa ba sa barin a kafa sandar nan mai ƙafa uku, don haka shi ne ƙafafun. Ya ware ƙafa, ya manna gwiwar hannu a haƙarƙari, in da ginshiƙi kusa ya jingina kafaɗa. Ya ja numfashi, ya saki rabi, ya tsaya cak, sannan ya taɓa maɓallin kamar mai gudun tashin jariri. Yakan ɗauki uku a jere, don ɗaya daga ciki ya fi saura tsabta. Ko tufafinsa ma da lissafi: baƙar riga yake sakawa, domin farar riga tana bayyana a gilashi. Ya matso da bakin kyamara dab da gilashin ba tare da ya taɓa shi ba, ya kare gefe da tafin hannu, ƙyallin fitilun rufi ya ɓace.

In ka samu shiga irin wannan ɗaki, kashe filasha tun daga bakin ƙofa, ka ba abu ɗaya minti goma kafin ka danna.