Wa ke da ikon kiran fasto? Littafin Luther na 1523 a idon kudancin Kano

Da zarar fasto ya tashi, ko don canjin wurin aiki, ko ritaya, ko mutuwa, sai gardama ta kunno kai a kan wanda zai zaɓi magajinsa. Waɗanda suka taɓa karatun tarihin ikilisiya sukan jawo ɗan littafin da Martin Luther ya rubuta a 1523, inda ya ce taron masu bi yana da ikon auna koyarwa, da kiran mai wa'azi, da sallamarsa. Mu ma bari mu auna littafin.

Luther ya rubuta shi ne domin mutanen Leisnig, wani ƙaramin gari a Jamus. Ikon naɗa musu limami yana hannun shugaban gidan sufaye na Buch, su kuwa suka zaɓi nasu masu wa'azin bishara, suka nemi Luther ya kafa musu hujja. Ya dogara ga Yahaya 10, inda tumaki suke gane muryar makiyayinsu, da Matiyu 7:15, inda aka ɗora wa masu sauraro nauyin yin hankali da annabawan ƙarya. Ƙarfin littafin ke nan: ya ɗauki talakan mai bi a matsayin mai kunne da hankali. A ƙauyukan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, inda 'ya'ya da jikokin Maguzawa suka daɗe ana kallonsu kamar gonar bishara kawai, ana aiko musu da ma'aikaci ba tare da an ji ta bakinsu ba, wannan magana tana da nauyi.

Amma littafin na lokacin gaggawa ne, kuma ya yi gaggawa. Luther ya ɗauka ikilisiya ta riga ta san Maganar Allah har za ta iya yin hukunci da ita. Da aka zagaya ikilisiyoyin Saksoni a 1528, ya ga jahilcin da ya girgiza shi, a wurin jama'a da limamai duka, shi ya sa ya rubuta Ƙaramin Katikisma a 1529. Sashe na 14 na Ikirarin Augsburg na 1530 kuma ya nace cewa sai wanda aka kira bisa ƙa'ida ne zai yi wa'azi a fili ya ba da jibin Ubangiji. Yadda Luther ya bi da Titus 1:5 ma bai gamsar da mu ba. Ya ce Titus bai naɗa dattawa ba sai da yardar jama'a. Mai yiwuwa ne, amma ayar ba ta faɗa ba. Don haka wanda ya ɗaga littafin nan don ya yi wa bishop ko majalisar gunduma tawaye, rabin Luther ya karanta.

Babban giɓin dai shi ne bai tambayi ko wace ce “ikilisiya” ba. A ce taron Lutheran ne a Kwanar Ɗangora: akwai ma'aikata da 'yan kasuwa daga Adamawa da Filato, akwai manoma 'yan ƙasa daga ƙauyukan kewaye. In aka kafa kwamiti, masu baiko mai kauri da masu Turanci ne za su yi magana. Za su nemi mai digiri, mai mota, wanda matarsa ke da aiki. Manomi zai so wanda ke jin Hausarsa ta gida, wanda zai hau babur da damina ya je jana'iza a gefen dajin Falgore, wanda ya san yadda ake gaida dagaci da limamin unguwa. Wanda ya tuna ƙone majami'u a Tudun Wada a 2007 ba zai ɗauki wannan na ƙarshe da wasa ba. Zumuntar mata fa, su da suka fi cika kujeru ran Lahadi? Galibi sai an gama suke ji.

Abin mamaki, mutanen Leisnig sun fi littafin hangen nesa. A shekarar nan ta 1523 suka tsara asusun gama-gari don albashin limami da malamin makaranta da taimakon matalauta, Luther kansa ya rubuta wa tsarin gabatarwa. Akwatin yana da kwaɗo huɗu, masu kula da shi goma ne da ake zaɓa kowace shekara: biyu daga masu sarauta, biyu daga majalisar gari, uku daga mazauna gari, uku daga manoman karkara. Majalisar garin ta yi ta jan ƙafa wajen miƙa dukiyar, tsarin bai tafi yadda aka so ba. Duk da haka, mun fi so ɗalibanmu su karanta wannan tsari kafin littafin. Ikilisiyar da za ta rubuta wa bishop tana neman fasto, ta fara duba jinkar gidansa, ta san buhun masara nawa za ta iya ba shi da kaka, ta kuma ƙirga kujeru nawa manoma da mata suka samu a kwamitin.