Rigar manhaja da mai karatu a Arewa

Duk manhajar da ke cikin wayarka tana da aiki, tana kuma da kama: launi, salon haruffa, girman maɓalli, tazarar layi. Masu rubuta manhaja sun daɗe da daina cusa waɗannan cikin kowane shafi. Sukan tara su a wata ma'ajiya ta daban, manhajar ta ɗauko su daga can idan an buɗe ta. Kamar anko ne na biki, yadi ɗaya aka yanko wa kowa.

A shafukan intanet, Håkon Wium Lie ne ya kawo shawarar irin wannan ma'ajiya, wato CSS, a 1994, aka amince da ita a 1996. Microsoft ta shigo da irin wannan tsari cikin WPF a 2006, Google kuma ta fito da Material Design a 2014. Shi ya sa da WhatsApp ya kawo baƙar fuska a 2020, ba sai da aka sake gina shi ba. Launukan aka sauya, aikin yana nan yadda yake.

Dabarar tana da kyau, ba na jayayya. Amma wanda ya cika ma'ajiyar, idonsa yana kan nasa mutanen. A tsaya a tashar Dogondutsi, a yankin Arewa na Nijar, da tsakar rana, a dubi ɗan kabu-kabu yana kare allon Itel ɗinsa da tafin hannu, yana ƙanƙance ido don ya karanta rubutu mai ruwan toka a kan fari. An zaɓi launin nan ne a ɗaki mai sanyi. Idan kuma daga intanet ake jawo kayan ado, to a ƙauyukan Matankari ko Gecheme, inda rezo ke zuwa yana tafiya, shafin sai ya buɗe tsirara, ko ya tsaya yana juyi har kuɗin data su ƙare.

Babbar matsalar ita ce haruffa. Hausar Nijar tana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kuma ba kowane salon haruffa ne ke ɗauke da su ba. Inda babu su, wayar takan aro harafin daga wani salon, ya fito ya karkace a tsakiyar kalma, ko ta ajiye ɗan akwati a gurbinsa. Tunda ma'ajiya ɗaya ce ke yi wa dukan shafuka sutura, kuskure ɗaya ya isa ya bi ko'ina. Ga shi kuwa tun 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, takardun hukuma da na makaranta za su ƙaru a waya.

Gyaran ba shi da tsada. Noto na Google da Andika na SIL duk suna da haruffan nan, kuma kyauta ne. Mai rubuta manhaja don mutanen Arewa ya sa ma'ajiyar a cikin manhajar kanta, ya ƙara duhun rubutu, sannan ya kai ta Tibiri ya gwada ta a ƙaramar waya, a rana, kafin ya sake ta.