Ina Kalma Take Farawa? Tsokaci a Kan Keɓe Rubutu da Madannai

Manufar wannan maƙala ita ce duba wata ƙaramar ɗabi'a ta manhajojin rubutu, wato yadda suke keɓe harafi ko kalma idan marubuci ya yi amfani da madannai kawai, da kuma abin da ɗabi'ar take haifarwa ga rubutun Hausa.

Tsarin keɓe rubutu sannan a yanke shi ko a kwafe shi ya samo asali ne daga aikin Larry Tesler da Tim Mott a kamfanin Xerox, cikin manhajar Gypsy ta 1975. A yau, a yawancin manhajoji, riƙe Shift tare da danna kibiya yana keɓe harafi ɗaya, idan kuwa aka haɗa da Ctrl sai a keɓe kalma guda. Duk abin da aka buga bayan haka yana maye gurbin abin da aka keɓe. Wannan tsari abin yabo ne, domin hannu ba ya barin madannai. Sai dai kuma ya ginu a kan wani hukunci da ba a tuntuɓi mai Hausa ba kafin a yanke shi: mene ne kalma?

A ɗauki alhamza. Bisa ƙa'idar Unicode ta iyakokin kalmomi, alamar da ta zo tsakanin haruffa biyu ba ta raba kalma, don haka jama'a da sana'a sukan tsira. Amma wadda ta zo a farkon kalma ana ɗaukarta alamar rubutu ce kurum, kamar waƙafi. Saboda haka mai gyara zai iya yanke 'ya, wato ɗiya, ya manna ta a wani wuri ta koma ya, wato babbar 'yar'uwa, alamar kuma ta zauna ita kaɗai a baya. Nan ma'ana ce ta sauya, ba tare da marubucin ya lura ba. Abin lura shi ne, rubutun Nijar, wanda yake amfani da harafin ƴ, ya kuɓuta daga wannan matsala, domin na'ura ta san shi harafi ne cikakke.

Haka lamarin yake ga karan ɗori. Kalmomi irin su maza-maza da faɗi-tashi kalma ɗaya ce kowaccensu a nahawu, amma keɓewa takan tsaya a tsakiyarsu. Su ma sh da ts, waɗanda ɗalibi ya koya a matsayin baƙi ɗaya-ɗaya, sai an danna kibiya sau biyu.

A nan tsohuwar manhajar vi, wadda Bill Joy ya rubuta a 1976, ta cancanci yabo. Ta tanadi ma'auni biyu: ƙaramin w yana tsayawa a kowace alama, babban W kuwa ba ya tsayawa sai ya tarar da fili. Na biyun ya fi dacewa da Hausa ƙwarai, ko da yake yakan haɗa da waƙafi ko aya da ke manne da kalmar.

A taƙaice, aibin ba na madannai ba ne, na ma'anar kalma ne da aka aro daga wasu harsuna. Ya kamata malamai su nuna wa ɗalibai wannan tarko, masu tsara madannan Hausa kuma su tanadi alhamzar Unicode wadda ake lissafawa cikin haruffa, domin ita ba ta rabuwa da kalmarta.