Hoton Kango da Mutanen da Ba Sa Fitowa a Ciki

Akwai masu sha'awar ɗaukar hoto da ba ruwansu da biki ko taron siyasa. Abin da ke fitar da su da sassafe shi ne kango: masana'antar da ta mutu, asibitin da aka kwashe, makarantar da jemagu suka gaje. Sukan shiga da tocila da takunkumi saboda ƙura, su kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, su jira hasken rana ya ratso ta hudar rufi. Ƙa'idar da suke tinƙaho da ita ita ce ba a fasa ƙofa, ba a ɗaukar ko ƙusa, hoto kaɗai ake fita da shi. A Japan suna tururuwa zuwa tsibirin Hashima, wanda aka watse aka bari a 1974 bayan rufe mahaƙar kwal. A Yukren garin Pripyat ne, da aka kwashe mutanensa a 1986. Amma babu inda wannan sha'awa ta yi ƙarfi, ta kuma jawo cece-kuce, kamar Detroit ta Amurka.

A 1950 mutanen Detroit sun kai kusan miliyan 1.85, birnin kuma shi ne cibiyar ƙera motoci ta duniya. Ƙidayar 2010 ta sami 713,777. A watan Yulin 2013 hukumar birnin ta je kotu ta ce ta tsiyace, da bashin da ya kai wajen dala biliyan 18. Mutane sun tafi, gine-gine suka tsaya: tashar jirgin ƙasa ta Michigan Central, wadda aka buɗe a 1913, jirgi na ƙarshe ya bar ta a 1988, makekiyar masana'antar motocin Packard da ta daina aiki tun ƙarshen shekarun 1950, da gidan kallo na Michigan Theater, wanda aka fafe cikinsa aka mai da shi wurin ajiye motoci, alhali ragowar adon rufinsa na nan a sama. A daidai wannan fili ne Henry Ford ya harhaɗa motarsa ta farko. Wane mai kyamara ne zai ga wannan ya wuce?

Faransawa biyu, Yves Marchand da Romain Meffre, sun fitar da littafin hotunansu na kangayen birnin a 2010, shekarar da Andrew Moore ya fitar da nasa. Hotunan suna da kyau ƙwarai, kuma kyan ne matsalar. Wanda ya kalli da yawa daga cikin hotunan da suka biyo baya zai ga salo ɗaya ake maimaitawa: ɗaki mai faɗi, fenti yana ɓarewa, kujera guda a tsakiya, agogon bango da ya tsaya, takardu a warwatse, sannan haske ya sauko kamar an aiko shi. Mutum kuwa babu ko ɗaya. Birnin da har yanzu mutane sama da dubu 600 ke kwana su tashi a cikinsa, mafi yawansu baƙaƙen fata, sai ya fito kamar kufai. Mazauna da dama sun fusata, har masu suka suka kwatanta irin wannan hoto da hoton batsa, wato kallo don jin daɗi ba tare da tambayar halin wanda ake kallo ba.

Na ga gaskiyarsu. Hoton kango yana nuna ruɓewa kamar aikin ruwan sama da iska ne kawai, alhali Detroit mutane ne suka kashe mata kasuwa. Kamfanoni sun kwashe masana'antu zuwa bayan gari da wasu jihohi. An tsaga manyan tituna ta tsakiyar unguwannin baƙaƙe. Bankuna sun daɗe suna hana waɗannan unguwanni rancen gida. Farare masu hali sun ƙaura da harajinsu, ƙaurar ta ƙara gudu bayan tarzomar 1967 da ta ci rayuka 43. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bayyana a hoton kujera da haske. Mai kallo a Faris zai ce duniya ba gidan zama ba, ya juya shafi, waɗanda suka yanke hukuncin kuma sun sha.

Hujja mafi ƙarfi a ganina ta fito ne daga wata sha'awa makusanciya, ta masu ƙera ƙananan gine-gine su ɗauke su hoto. Lori Nix da Kathleen Gerber sun riƙa shafe watanni a Brooklyn suna haɗa kango a kan tebur da soso da kwali da fenti: ɗakin karatu da bishiya ta tsiro a tsakiyarsa, wurin wanki, jirgin ƙasa da yashi ya cike. In an ɗauki hoton, da ƙyar ido zai bambanta shi da na Detroit. Su ba su yaudari kowa ba, sun faɗa ƙarara cewa birnin nasu ƙirƙira ne. Amma idan kwali zai ba da abin da hoton kango na gaske ke bayarwa, ashe hoton bai faɗi komai game da Detroit ba, salo kawai ya nuna. Michael Paul Smith, wanda ya rasu a 2018, ya bi ta ɗaya gefen: da ƙananan motoci da gidaje ya sake gina irin garin ƙuruciyarsa a Pennsylvania, ya sa masa suna Elgin Park, yana jera su a tebur a waje don bishiyoyi da sararin sama na gaske su zama bayan hoton. Nasa begen abin da ya wuce ne, kuma bai ɓoye ba.

Akwai wanda ya nuna wata hanyar. Camilo José Vergara, haifaffen Chile, ya shafe shekaru da dama yana komawa gini ɗaya, ya tsaya a wuri ɗaya, ya ɗauka, ya rubuta adireshi da shekara. A jerin hotunansa za ka ga banki ya zama coci, coci ya zama kango, kango ya zama fili, wani lokaci kuma fili ya sake zama gida. Akwai mutane a ciki, masu shago da yara da limaman unguwa. Shi ma bai tsira ba: a 1995 ya ba da shawarar a bar wasu dogayen gine-ginen tsakiyar Detroit su zama dandalin kangaye don masu yawon buɗe ido, mazauna suka yi masa ca, kuma sun yi daidai. Duk da haka aikinsa ne ke da amfani ga mai tarihi, yana kuma ajiye a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Tashar Michigan Central da aka yi ta ɗauka a matsayin gawa, kamfanin Ford ya saye ta a 2018, ya gyara, aka sake buɗe ta a watan Yunin 2024. Wanda ya zo sau ɗaya ya tafi, rabin labari ya samu.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Kakuri a Kaduna tana da nata kangayen: masaƙar KTL da aka kafa a 1957 ta tsaya a 2002, wasu masaƙun suka bi bayanta. A Kano akwai irinsu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, ganuwa kuma tana zaizayewa. Dalar gyaɗa yau a hoto kaɗai ake ganinta, kuma hotunan da suka fi daraja su ne waɗanda leburori ke ciki da buhu a ka. Matashin da ke da waya mai kyamara ya nemi izinin mai gadi kafin ya shiga, ya kula da ruɓaɓɓen daɓen bene. Ya rubuta sunan wurin da ranar da ya ɗauka, ya dawo baɗi ya tsaya inda ya tsaya bana. Tsofaffin ma'aikatan masaƙun nan da yawansu suna raye a Kakuri da Makera. A neme su, a ɗauke su da yardarsu a bakin ƙofar da suka yi shekaru suna shiga, a rubuta abin da suka ce tun suna iya faɗa.