Mai Kiwon Jimina Daga Shingensa Ake Gane Shi

Figini da takalmin gashin jimina da Sarkin Kano ke fita da su sun samo asali tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Gashi mai irin wannan kyau ba ya fitowa a jikin jiminar da aka takura. Nata kakkarye yake, ƙwanta kuma sau da yawa ba ya ƙyanƙyashewa.

Shi ya sa gwanin kiwo yake fara aikinsa daga shinge. Tsuntsuwar da ke gudun kilomita 70 a awa ɗaya ba ta zaman akurki. Yakan ware fili mai tsawo, ya sa namiji ɗaya da mata biyu, ya guji waya mai ƙaya, ya lanƙwasa kusurwoyi don kada su firgita su cunkushe a lungu su karya ƙafa. Ƙasa mai rairayi irin ta jigayin Malam Madori ita ce abin nema: namiji ya tona gurbi, mace ta kwanta da rana, shi ya karɓe ta da dare, har kwana 42. Ƙwai ɗaya ya kai na kaza kamar 24.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma 'ya'yan jimina a watanni ukun farko. Siminti mai santsi yakan murɗe musu ƙafa, sanyin hunturu yakan kashe su cikin dare. Kome suka gani sai sun haɗiye, don haka gwani kullum yana duƙe yana tsince ƙusa da leda da guntun waya, yana bar musu tsakuwar da ƙundu ke niƙa abinci da ita. Idan babbar jimina zai kama, ya san shurinta gaba yake zuwa. Sai ya ɓullo ta gefe, ya zura mata safa a kai, ta lafa.

A Kelle, cikin jihar Damagaram ta Nijar, da irin wannan haƙuri ake renon jimina mai jan wuya, wadda ta kusa ƙarewa a dajin Sahel. Can ma, mai kiwo yakan tsaya nesa da safe yana lura da wadda ta ƙi kiwo, tun kafin ciwon ya nuna.